Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gadon Majinyaci: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Likitanci, Injiniyanci da Kimiyyar Halittu

 

Mai martaba Sarki, uban wannan jami'a, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Mai girma wakilin Gwamna, shugaban hukumar gudanarwa da mambobinta, shugaban jami'a da mataimakansa, shugabannin tsangayoyi, shehunan malamai da sauran ma'aikata, hakimai da malaman addini, iyayenmu maza da mata, 'yan jarida, sai kuma ku 'ya'yanmu masu wannan rana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga hukumar jami'a da ta ga na cancanci tsayawa a nan. Kafin komai, barka ta farko ta iyaye ce. A cikinku akwai wanda ya sayar da amfanin gona tun bai kai farashi ba don kada a rufe wa ɗansa rajista, akwai uwar da ta ɗauki adashinta kacokan ta sayi kwamfuta. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku ci moriyar abin da kuka shuka.

'Ya'yana ɗalibai, an zaunar da ku yau rukuni uku: masu karatun likita a nan, injiniyoyi a can, masu kimiyyar halittu da haɗa magunguna a gefe. Haka kuka yi shekarunku, kowa da tsangayarsa da malamansa. Wannan rabo na sauƙaƙa karatu ne, amma marar lafiya bai san da shi ba. Matar da ta haifi bakwaini da tsakar dare tana bukatar likitan da ya san aikinsa, da kwalbar jarirai mai aiki, da wutar da za ta riƙe kwalbar har asuba, da kuɗin da mijinta zai iya biya. In ɗaya ya faɗi, sauran ukun ba su tsinana mata komai ba. Abin da na zo faɗa muku ke nan: ilimin da kuka samu ba ya warkar da kowa sai ya zama wani abu da aka ƙera, yana aiki a zafinmu da ƙurarmu, ya kuma isa hannun talaka a farashin da zai iya. Wannan aiki ya fi ƙarfin likita shi kaɗai, ya fi ƙarfin injiniya shi kaɗai, kuma ba ya ɗorewa sai da mai sanin kasuwa.

Kakanninmu sun san haka. Wanzami ba ya ƙera askarsa. Maƙeri ke ƙera masa, bayan ya saurari irin kaifi da lanƙwasar da yake so, fatake kuma su kawo kanumfari da sauran kayan haɗi daga nesa. A ƙasar Andalus, sama da shekara dubu da ta wuce, likita Abul Ƙasim Az-Zahrawi ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa, da yawansu shi ya ƙirƙiro su, don masu ƙira su gani su yi. Rabuwar waɗannan sana'o'i ita ce baƙuwa a wurinmu.

Duk wanda ya yi aiki a babban asibiti a ƙasar nan ya san wani ɗaki da ke can baya, wanda ba a kai baƙi. In ka sa aka buɗe maka, za ka tarar da kwalaben jarirai an jingine su, na'urar ɗaukar hoton ciki an lulluɓe da tsohon zanen gado, injin wankin ƙoda gizo-gizo ya yi saƙa a bututunsa. Wasu har yanzu da takardar wanda ya ba da su kyauta a manne. In ka tambayi abin da ya same su, sau da yawa amsar ba ta kai ta kawo ba: wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona wani ɗan allo, ko wata roba ce ta tsage babu inda ake sayar da irinta, ko littafin bayanin na'urar da wani harshe aka rubuta shi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun duba bayanan na'urorin asibiti sama da 100,000 a ƙasashe masu tasowa, suka gano kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa aiki. Injiniyoyi, wannan ɗaki shi ne wurin aikinku na farko.

Kada wani ya raina gyara. A 1949 wani matashin injiniya mai suna Earl Bakken ya buɗe shagon gyaran na'urorin asibiti a wani gareji a birnin Minneapolis na Amurka, shi da surukinsa. Kullum yana cikin asibitin jami'a, har likitoci suka saba da shi. A ƙarshen Oktoban 1957 aka ɗauke wuta a birnin, alhali yaran da aka yi wa tiyatar zuciya sun dogara da na'urar daidaita bugun zuciya wadda sai an jona ta a bango. Likitan tiyata Walton Lillehei ya roƙi Bakken ya yi masa mai batir. Cikin kusan mako huɗu ya kawo ta. Wannan shago shi ne Medtronic, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan asibiti na duniya a yau. Ɗauke wuta sau ɗaya ya haifar musu da wannan. Mu da muke kwana muke tashi da ɗauke wuta, me muka ƙera?

Ku ɗauki na'urar tace iskar oksijin da ake sa wa yaro mai ciwon nimoniya. Tana zuƙo iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, ta tura ta cikin wani gari mai kama da yashi da ke riƙe iskar naitirojin, sai ta fito da oksijin sama da kashi 90. Wanda ya tsara ta bai san hunturu ba. A Kano ko Zinder, ɗan soson da ke bakinta kan toshe da ƙura cikin 'yan kwanaki, injin ya yi zafi, ƙarfin oksijin ya ragu, nas kuwa tana ganin fitila a kunne ta ɗauka lafiya lau. Wanda zai tsara mata matacin da ya dace da ƙurarmu, ya haɗa ta da sola da batir, ya buɗe kamfanin da ke zagayawa asibitoci duk wata yana auna ta yana canza soson, ya sami sana'a, kuma ya ceci rayukan da ba zai san adadinsu ba.

Ku kuma masu kimiyyar halittu, ku zo mu je Kaltungo ta jihar Gombe. A can akwai asibitin saran maciji da manoma da makiyaya ke zuwa daga jihohi da dama, musamman da damina da lokacin girbi. In aka kawo wanda ake zaton kububuwa ta sara, ana ɗibar jininsa kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya gangaro kamar ruwa, dafin ya cinye abin da ke sa jini daskarewa, sai a nemi magani da gaggawa. Maganin da aka fi amincewa da shi a can, EchiTAb, an samar da shi ne da haɗin gwiwar masanan Najeriya da na Ingila. Amma ku ji tafiyarsa: macizanmu ake kaiwa Liverpool a tatsi dafinsu, a yi wa tumaki allurarsa a yankin Wales ko dawaki a Kosta Rika, a tace garkuwar da jininsu ya samar, a dura a kwalabe, sannan a sayo da kuɗin waje a dawo da shi Gombe. Duk sanda dala ta hau ko kaya suka makara, magani ya yanke, manomi ya biya da ransa. Maciji namu ne, dawaki da tumaki muna da su, masana irin Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna wannan bincike. Abin da ya rage shi ne masana'anta: injiniyan da zai gina ɗakin da ƙwayar cuta ba ta shiga, masanin da zai tabbatar kowace kwalba daidai take da 'yar'uwarta, da mai jarin da zai iya haƙuri.

Zan ba ku labarin magani biyu, ku auna da kanku. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila ta yi masa gwajin kimiyya. A cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da iyayenmu mata suka sani. Aka sa masa suna Niprisan, gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. A ƙasar da ake haihuwar yara kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2002 aka ba wani kamfani lasisin sarrafa shi, a 2006 ya shiga kasuwa, cikin 'yan shekaru bashi ya durƙusar da kamfanin, magani ya ɓace daga kantuna, iyayen yara suka yi ta nema babu. Sai bayan shekaru wani kamfanin cikin gida ya sake ɗaukarsa. Kimiyyar ba ta gaza ba, lissafin kasuwancin ne ya gaza.

Na biyu shi ne rigakafin sanƙarau. Dattawan da ke nan ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000, galibi a Arewa. Da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka tashi neman sabuwar allura a 2001, sai suka fara da tambayar jami'an lafiya na Afirka nawa ƙasashensu za su iya biya. Amsar ita ce ƙasa da rabin dala kowace allura. A kan wannan farashi aka gina komai, aka nemo kamfanin Serum Institute na Indiya ya yarda zai yi. A Disambar 2010 aka fara yin MenAfriVac a Burkina Faso, sai Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011. Daga baya aka tabbatar tana jure zafin da ya kai digiri 40 har kwana huɗu ba firji, don haka ta isa rugage da ƙauyukan da babu ƙanƙara. Nau'in sanƙarau da ya fi yi mana ɓarna ya kusa ɓacewa. Waɗannan sun fara tambayar wa zai saya da nawa tun kafin su shiga ɗakin gwaji.

Ita kanta masana'antar sarrafa ƙwayoyin halitta da irin wannan haɗuwa ta faro. A 1976 wani malamin jami'a, Herbert Boyer, da wani matashi mai harkar zuba jari, Robert Swanson, suka kafa kamfanin Genentech. Kafin nan, insulin da masu ciwon suga ke yi daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Suka dasa ƙwayar gadon insulin na ɗan Adam a cikin bakteriya, ta riƙa samar da shi a tankuna, a 1982 aka amince a fara sayarwa. Bayan shekara biyu da kafa Genentech, wata budurwa a Indiya, Kiran Mazumdar-Shaw, ta fara kamfanin Biocon a garejin gidan haya a Bangalore, bankuna suna juya mata baya. Yau kamfaninta na cikin masu yi wa duniya insulin mai rahusa.

'Ya'yana mata, ku riƙe wannan suna, ku ƙara da na gida. Temie Giwa-Tubosun ta kafa LifeBank a Legas a 2016, tana kai jini asibitoci a kan babur cikin akwatin sanyi. Virtue Oboro, bayan jaririnta ya yi fama da shawara, ta haɗa kai da injiniyoyi da likitoci suka ƙera gadon haske mai aiki da sola. A ɓangaren maza, Farfesa Hippolite Amadi, injiniyan da ya shafe shekarun aikinsa a ɗakunan jarirai, ya ci babbar kyautar kimiyya ta ƙasa a 2023 kan na'urorin taimaka wa jarirai numfashi. A nan Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a ƙarshen 2019. Hanyar ba daji ba ce, akwai sawu a kanta.

To ta ina za ku fara? Ga abin da zan ce muku, a matsayin uba.

Na farko, ku koyi aikin a hannun wani kafin ku buɗe naku. Likita ya gama horonsa ya sami lasisinsa, injiniya ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, mai haɗa magani ya shiga masana'anta ya ga yadda ake rubuta kowane mataki. Injiniya ya nemi izini ya kwana a ɗakin haihuwa ko ɗakin yara, ya zauna kusa da nas da ungozoma, ya tambaye su abin da ya fi ba su wahala. Su suka san wace na'ura ce ke ƙin tashi da asuba. Likita kuma ya cire farar riga ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin da hannun mutanenmu ke iya yi da ƙarfe.

Na biyu, ku san wanda zai biya. Majinyaci ne daga aljihunsa, ko asibiti, ko gwamnatin jiha, ko inshorar lafiya? In ya lalace a Nguru ko Maraɗi, wa zai gyara, a ina zai sami kayan gyara? Wanda bai amsa wannan ba, ƙirarsa za ta ƙare a baje-kolin jami'a, a tafa masa, a mayar da ita kabad.

Na uku, ku rubuta yarjejeniya tun ana dariya. Abokai uku da suka fara kamfani da "ai mu 'yan'uwa ne" su ne ke rabuwa a gaban alƙali ranar da kuɗi ya shigo. A rubuta kason kowa, a yi rajistar kamfani, a yi rajistar haƙƙin ƙirƙira kafin a je ana bayyana sirrin aiki a taro. Kuma kada yawan jari ya ruɗe ku. Kamfanin 54gene, da aka kafa a 2019 don binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, ya tara kusan dala miliyan 45, amma zuwa 2023 ya rufe.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi: amana. Mai sayar da atamfa in ya yi algus, zane ne zai koɗe. Ku in kuka yi, kabari za a haƙa. A 2008 da farkon 2009 yara 84 suka mutu a ƙasar nan saboda maganin haƙori na My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a kafin sulhun dala miliyan 75 a 2009. Zargin da wannan ya shuka yana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka guji rigakafin shan-inna a 2003, kuma sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da cutar ta asali. Don haka kwamitin ɗa'a na asibiti da hukumar NAFDAC ba abokan gabarku ba ne. Kada ku gwada komai a jikin mutum sai kun yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda ba tilas. In sakamakon gwaji bai yi muku daɗi ba, ku rubuta shi yadda ya zo.

Ranka ya daɗe, ina roƙon izini in juya ga manyanmu. Ga gwamnati: ɗakin haɗa rigakafi na Yaba ya yi wa ƙasar nan alluran agana da shawara tun daga shekarun 1940, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, alhali cibiyar Vom da aka fara a 1924 tana nan tana yin rigakafin dabbobi. Lokacin korona mun ga yadda Afirka, mai yin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na rigakafin da take amfani da shi, ta tsaya a ƙarshen layi. Tarayyar Afirka ta sa burin kashi 60 nan da 2040. Ba za a kai can da jawabi ba. Babban taimakon da gwamnati za ta yi wa yaran nan shi ne ta sayi abin da suka ƙera in ya cika sharaɗi, ta biya su a kan kari, ta kuma ɗauki injiniyoyin asibiti aiki kamar yadda take ɗaukar likitoci.

Ga attajiranmu: kun saba da kasuwar da kaya ke juyawa cikin wata guda. Wannan kasuwa daban ce. Na'ura na iya cin shekara biyar, sabon magani ya haura goma. Amma addininmu ya tanadi hanyoyinta, akwai musharaka, akwai mudaraba, akwai waƙafi. Wanda ya gina masallaci ya yi alheri. Wanda ya gina masana'antar maganin dafin maciji, manomi ya tashi daga gadon asibiti ya koma gonarsa, shi ma muna kyautata masa zaton lada mai gudana.

Ga jami'a: a buɗe ƙofa tsakanin tsangayoyin nan. A bar ɗalibin likita da na injiniya su yi aikin shekarar ƙarshe tare, a kan matsala ɗaya da aka ɗauko daga asibitin koyarwa, a kuma lissafa wa malami abin da ya ƙera wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙalarsa.

'Ya'yana, na san wasunku sun riga sun fara cike takardun tafiya ƙetare. Ban hana ku ba, neman ilimi da halal ba laifi ba ne. Ku je ku shiga masana'antunsu, ku koyi yadda ake yi tun daga tushe, amma kada ku yanke zumunci da abokan da kuka bari a Kaltungo da Gusau, domin su ke da tambayoyin da iliminku zai amsa. Kafin ku bar wannan fili yau, kowane likita ya karɓi lambar wayar injiniya ɗaya da masanin halittu ɗaya, su ma su karɓi tasa. Nan da shekara goma, in Allah ya kai mu, muna so jami'ar nan ta gayyace mu buɗe masana'antar ɗayanku.

Allah ya sanya albarka a karatunku, ya tsare ku daga cin amana, ya sa hannuwanku su zama sanadin waraka. Allah ya saka wa iyaye da malamai, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa Mai martaba lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.